Ni da Taubashina a Kan Sikelin Dankali

Kilo goma na farko ba su ba ni wata wahala ba. Na rage sukari a shayi, na raba tuwon dare biyu, na riƙa fita da ƙafa bayan sallar asuba, sai ga wando yana neman zamewa daga ƙugu. Taubashina, wanda muka fara rana ɗaya, muke cin abinci iri ɗaya, muke taka hanya ɗaya, bai kai ga sauke kilo uku ba a wannan tsakani. Da shekara ta zagayo ni ma na tsinci kaina inda yake, ina iyakar ƙoƙarina amma sikeli ya kafe wuri guda. Wannan bambanci da ke tsakanina da shi, da wanda ke tsakanina da jikina na bara, na ga ya karya zuciyar mutane da yawa waɗanda ba su yi laifin komai ba, shi ya sa nake son a fahimci daga inda yake fitowa.

Ba da ƙiba na tashi ba. A wani ƙauye kusa da Geceme aka haife ni, cikin Dallol Mawri, kuma yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari, ta same ni ina ɗan lakkwal. Ina tuna hurar da ake tsinkawa da ruwa har ludayi ya rasa abin kamawa. Wanda ya ga wannan shekara da idonsa ba zai taɓa kallon ƙiba a matsayin ciwo ba. Da Allah ya sa na zama malamin makaranta, daga baya aka ɗauke ni daga aji aka kai ni buro a Dogondutsi, na sayi babur, ƙafata ta daina taɓa ƙasa in ba daga ƙofar gida zuwa masallaci ba. Da rana shinkafa ko taliya da mai, da yamma fada, shayi na ɗaya da na biyu da na uku, kowane da sukarinsa. Da dare tsire a bakin kwalta inda motocin Yamai da Ƙonni ke tsayawa, in na koma gida kuma tuwo na jira. Duk wanda ya kwana biyu bai gan ni ba sai ya ce, "Masha Allahu, Mushe, ka yi jiki!" Ina jin daɗin wannan magana har cikin raina, domin a Arewa shaida ce cewa wahalar da iyaye suka sha a kanka ba ta tafi a banza ba.

Ciwon kai da yawan fitsarin dare suka kai ni wurin majo. Ya ɗaura mini abin awon tansiyo, ya soki ɗan yatsana, ya dubi lambobin ya ce jinina ya hau, suga kuma yana bakin ƙofa. Nauyina a lokacin ya kusa kilo 115. Akwai lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi: a raba nauyin mutum da tsawonsa a mita, a sake raba abin da ya fito da tsawon. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 an shiga ƙiba sosai. Nawa ya haura 35. Taubashina tela ne, yini yake zaune a kan keke. Hannuwansa da ƙafafunsa sirara, sai tumbi a gaba. Nauyinsa bai kai kilo 80 ba, amma sugansa ya fi nawa hawa. Shawara ɗaya aka ba mu, muka ce to mu kama tare, ko ba komai mai gajiya zai ji kunyar ɗan'uwansa.

Mukan haɗu bayan asuba mu bi ta gindin Tozon Bijini, wani lokaci mu gangara wajen garake na Tafkin Saw, mu dawo kafin rana ta yi zafi. Matanmu suka daidaita mana kwano, girma ɗaya. A gidan wani manomin dankalin turawa muke awo, a kan babban sikelin ƙarfen da ake ɗora buhu. Za ka cire takalmi ka hau faifan, shi kuma ya riƙa tura ɗan ƙarfen a kan sanda, kaɗan-kaɗan da ɗan yatsa, har sandar ta daina rawa ta tsaya daidai, sannan ya faɗi lamba da ƙarfi kamar yadda ya saba faɗa wa masu saye. Duk zuwa, tawa lambar ta yi ƙasa. Ta taubashi, in ta motsa, da ƙyar. Wata rana muna komawa ya tsaya a hanya, babu wasa a fuskarsa, ya ce, "Taubashi, don girman Allah gaya mini gaskiya. Wane magani kake sha a ɓoye?"

Ba na shan komai. Amma tambayar ta dame ni, domin na san bai ci amanar kwanonsa ba. Kimiyyar halittu na karantar a aji, don haka na koma ga littattafai, kuma abin da na samu lissafi ne da ɗan firamare zai iya bi.

Jiki yana ƙona abinci ko mutum yana kwance. Bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, riƙe ɗumin jiki, waɗannan kaɗai suna cin wajen kashi biyu cikin uku na abin da mai zaman buro ke ƙonawa a yini. Babban jiki ya fi ƙarami cin wannan kuɗin fito, domin mai ƙiba ba kitse kaɗai ya tara ba, har tsoka da jini ya ƙara don ɗaukar kitsen. A misali, mutum mai nauyina yana bukatar kalori wajen 3,000 a rana don ya tsaya yadda yake, mai nauyin taubashi wajen 2,400. In aka ba kowannenmu kwanon da ke da 2,200, ni ina da giɓin 800, shi yana da 200. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. A wata guda ke nan ni zan ci kilo uku daga ajiyata, shi bai cika ɗaya ba. Haka ma tafiyar. Hanya ɗaya muke bi, amma ni ina ɗauke da kilo 35 da shi ba ya ɗauke da su, kuma abin da tafiya ke ƙonawa yana bin nauyin mai tafiyar.

Akwai kuma ruwa. Jiki yana ajiye wani irin sitaci a hanta da tsoka, wajen rabin kilo, kuma kowane giram ɗinsa yana riƙe da ruwa wajen giram uku. Da zarar an rage ci, wannan ajiya ce ke fara tafiya da ruwanta. Saboda haka saukar makon farko, wadda ke sa mutum murna har ya fara ba wasu shawara, yawancinta ba kitse ba ce.

Wani masani mai suna Kevin Hall, wanda a lokacin yake aiki a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, shi da abokan aikinsa sun fitar da wannan lissafi dalla-dalla a mujallar The Lancet a 2011. Sun nuna cewa ko da adadi ɗaya aka rage wa mutum biyu daga abincinsu, wanda ya fi kitse shi zai fi sauke nauyi a ƙarshe, kuma shi zai fi daɗewa yana sauka kafin ya tsaya. Sun kuma nuna tafiyar doguwa ce: rabin abin da mutum zai sauke yana zuwa ne cikin kamar shekara guda, sauran kuma sai an doshi shekara uku.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne binciken Gilbert Forbes, likitan yara a Jami'ar Rochester, wanda ya wallafa a 1987. Ya lura cewa in nauyi ya sauka, ba kitse zalla ke tafiya ba, har da tsoka, kuma rabon ya danganta da yawan kitsen da aka fara da shi. Mai kitse da yawa, mafi yawan abin da zai rasa kitse ne. Marar kitse, kaso babba na abin da zai rasa namansa ne. Ina karanta wannan ƙanena ya faɗo mini a rai, wanda ya zauna a ƙauye yana noman gonar mahaifinmu. Kowace damina, daga noman fari zuwa lokacin da hatsi zai nuna, sai ya zube. Aiki ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa. In na je a watan Agusta nakan ga damtsensa ya sirance, ƙashin wuyansa ya fito, hauyar da yake wasa da ita a Yuni ta fara yi masa nauyi. Shi ba shi da kitsen da zai bayar, ƙarfinsa yake bayarwa. Kilo ukun da zai rasa da kilo ukun da ni zan rasa, sikeli ɗaya zai faɗe su, amma nawa sauƙi suka kawo mini, nasa kuma rauni.

An taɓa ganin iyakar wannan abu a Sikotilan. Wani mutum, Angus Barbieri, mai nauyin kilo 207, ya yi kwana 382 tsakanin 1965 da 1966 ba ya cin abinci, sai ruwa da shayi da kofi da bitamin, likitoci a Dundee suna bibiyar jininsa, ya sauka zuwa kilo 82. Ban kawo shi don wani ya kwaikwaya ba, domin irin wannan yunwa ta kashe wasu ko a hannun likitoci. Na kawo shi ne don a ga yawan guzurin da babban jiki ke ɗauke da shi. Siririn mutum ba zai kai ko kusa da haka da rai ba.

Sannan nawa lokacin ya zo. Da na sauka ƙasa da kilo 100, abin ya fara ja da baya, daga baya ya tsaya cak. Kwanon bai canza ba, hanyar ba ta canza ba. Jikin ne ya canza: ya ƙanƙance, bukatarsa ta ragu, giɓin 800 ɗin nan ya tsuke har ya kusa rufewa. Wani abu kuma ya ƙaru wanda ban san shi ba a watannin farko, wato yunwa ta gaske. Ina kwance da dare ina jin ƙamshin tuwon maƙwabta. Kitse da kansa yana fitar da wani sinadari da ake kira leptin, wanda Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano a 1994, aikinsa shi ne ya sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ta rage. In kitse ya ragu sinadarin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta buɗe ci, ta kuma rage kashewa. Duk Ba'are ya san wannan hali a wurin maigida. Bayan kaka, rumbu cike, ko wa ya zo roƙo a jawo masa dami ba a ƙirga ba. In aka shiga bazara aka fara hango gindin rumbu, maigidan nan mai kyauta shi ne zai tsaya da kansa yana auna tiya.

An gwada wannan a kan mutane. A Jami'ar Minnesota, tsakanin 1944 da 1945, Ancel Keys ya sa samari 36 masu matsakaicin jiki cin kusan rabin abincinsu har mako 24. Sun rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, abin da jikinsu ke ƙonawa a kwance ya faɗi da wajen kashi 40 cikin ɗari, kuma tunaninsu duka ya koma kan abinci. Masu ƙiba ma ba su tsira ba. A wani bincike da aka wallafa a 2016, an sake auna mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, The Biggest Loser, shekara shida bayan gasar. Yawancinsu nauyin ya dawo, kuma jikinsu yana ƙona kalori wajen 500 a rana ƙasa da abin da ya kamata ga mai girmansu. Wanda ya sauko daga 115 zuwa 95, riƙe 95 ɗin aiki ne a gare shi kullum, alhali wanda bai taɓa wuce 95 ba bai ma san ana riƙe ta ba.

Kada a ɗauka mai babban jiki ya samu garaɓasa. Sauƙin da yake samu a sikeli yana biyansa a wani wuri. Makonnin farko gwiwoyina sun yi ta ciwo, cinyoyina suna gogar juna har su saɓule, a watan Afrilu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, ko da asuba sai rigata ta jiƙe sharkaf. Amma duk wannan bai kai bakin mutane ba. Wanda ke cewa ka yi jiki jiya, yau sai ya riƙe hannunka ya rage murya: "Mushe, lafiya dai ko?" Na ji an ce bashi ya yi mini yawa. Na ji an ce an yi mini sammu a wurin aiki. Na ji an raɗa sunan ciwon da ba a faɗa da ƙarfi. Da na je gaida Inna, ta daɗe tana kallona kafin ta amsa gaisuwa, sannan ta ce, "Kai, mi ya same ka? Ko ba a ba ka abinci a gidanka?" Ta sa aka dama hura da nono mai kauri, ta zauna a gabana sai na sha. Na sha. Matar da ta ga yunwar 1973 da ta 1984, wadda ta san yadda yaro ke ramewa kafin a rasa shi, ba zan tsaya ina yi mata lissafin kalori ba. Na dai ce mata likita ne ya sa, kuma ciwon kan ya tafi. Wannan na ƙarshen shi ya kwantar mata da hankali. Taubashi bai gamu da ko ɗaya daga cikin wannan ba, tunda ba wanda ya lura ya ragu.

A ganina kuskuren da ke cikin yadda muke maganar nan shi ne ƙirga kilo. Likitoci da kaso suke aiki. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, kan mutum fiye da 3,000 da suga ke bakin ƙofarsu, an nemi wani rukuni daga cikinsu su sauke kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su yi tafiyar minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon suga a wannan rukuni ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Kashi 7 a jikina kilo takwas ne, a jikin taubashi biyar da rabi. Ke nan tun ranar farko ba wuri ɗaya muka nufa ba, kuma shi bai da dalilin ya riske ni.

Shi da kansa ya kawo ma'aunin da ya fi sikelin dankali amfani. Wata safiya ya zo da tef ɗinsa na ɗinki a wuya, ya ce in ɗaga riga. Ya zagaya shi daidai cibiya, ya ce in saki numfashi, kada in haɗiye ciki, ya dafe lambar da farcen babban yatsa kamar zai yanka yadi. Sannan ya auna nasa. Ya san awonsa na da tunda shi ke ɗinka wa kansa, sai ga shi ƙugunsa ya ragu da santimita da dama alhali sikeli na cewa kusan bai motsa ba. Tafiyar ta ƙara wa ƙafafunsa nama, tumbin kuma yana narkewa. Kitsen ciki, wanda ke kewaye hanta da hanji, shi ne ya fi alaƙa da suga da hawan jini, kuma ƙa'idar da likitoci ke bayarwa mai sauƙi ce: kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Da ya koma awon jini, sugansa ya sauka. Yanzu yana ƙara wake da gyaɗa da zogale a kwanonsa, yana rage tuwon, don abin da yake bukata shi ne ya tsare ɗan naman da yake da shi.

Wadda ke raina a yanzu ƙanwata ce, da ke aure a Tibiri. Gajeriya ce, ta haihu sau da dama, kuma kowane jego da kunun kanwarsa da naman da ake tura wa mai jego don kada a ce dangin miji ba su riƙe ta da kyau ba. Bayan haka wata ƙawa ta nuna mata ƙwayoyin ƙiba da masu talla ke yawo da su a kasuwa. Da na karɓi fakitin na duba, dexamethasone ne, maganin da aka yi don kumburi da asma, wanda ke tara ruwa da kitse a fuska da ciki, ya hau da suga da jini, ya cinye tsoka da ƙashi. Fuskarta ta yi zagaye, kowa na yabawa, ita kuwa ba ta iya tashi daga tabarma sai ta dafa ƙasa. Ta ce, "Yaya, ni ma ina so in yi yadda ka yi." Na ce mata kada ta yar da ƙwayar rana ɗaya, domin wanda ya daɗe yana shan irinta in ya tsaya kwatsam zai iya faɗuwa, likita ne ke rage ta sannu a hankali. Na kuma gaya mata tun da wuri cewa ba za ta ga irin saukar da na gani ba. A lissafin tsawo da nauyi ta kusa kai ni, amma jikin mace gajeriya bai kai na namiji tsoka ba, abin da yake ƙonawa a yini ya yi ƙasa da nawa nesa, don haka giɓin da za ta iya buɗewa ba tare da ta cutu ba ƙarami ne. Rabin kilo a wata biyu ma, in ya ɗore, tafiya ce.

Ita ba ta da fitar asuba irin tawa, ba a saba ganin matar aure tana zagaya gari ba gaira ba dalili. Abin da muka samu shi ne ta koma daka da kanta maimakon kai wa inji, ta riƙa zuwa garkar surukarta da ƙafa. Na zauna da maigidanta na yi masa bayanin ƙwayar, ya yarda a daina ta. Maganar rage jiki kuwa har yanzu bai sake ba, yana cewa me danginsa za su ce in suka ga ta rame a hannunsa. Ban matsa masa ba, na dai roƙe shi ya biyo mu da kansa in za ta koma awon suga a Dogondutsi, ya ji lambar daga bakin likita.